Darasin Kafasita Bai Kamata Ya Tsaya A Ajin Fiziks Ba

Sau da yawa ɗalibin da ke da burin zama likita yakan ɗauki Fiziks tamkar harajin dole, ya biya ya wuce. A ganina laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu malamai mun saba koyar da kafasita, wato ma'ajin lantarki, kamar abin da ba a samunsa sai a cikin rediyo, alhali jikin ɗalibin cike yake da irinsa.

Kafasita dai faranti biyu ne na ƙarfe, a tsakaninsu akwai wani abu da ba ya barin lantarki ya ratsa shi, amma yana ƙara yawan cajin da farantan ke riƙewa. Wannan abu shi masana ke kira dayelektirik, kuma kowane iri yana da lambar da ke nuna ƙarfinsa. Ta iska 1 ce, ta mai ba ta cika wuce 3 ba, ta ruwa kuwa wajen 80. Wannan tazara tsakanin ruwa da maiƙo ita ta buɗe ƙofar auna abubuwa masu rai, domin ƙwayar halitta ruwa ce mai gishiri wadda tantanin maiƙo ya lulluɓe.

Tsakanin 1910 da 1913, Rudolf Höber na Jami'ar Kiel ta Jamus ya lura cewa jajayen ƙwayoyin jini suna tare lantarki mai juyawa a hankali, amma idan aka ƙara saurin juyawar ƙwarai sai ya wuce ta cikinsu. Ya fahimci cewa cikin ƙwayar yana ɗaukar lantarki, kuma akwai wani siririn shinge a bayanta. A 1925 Hugo Fricke, ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a Cleveland ta Amurka, ya auna cajin da shingen ke riƙewa, ya lissafa kaurinsa ya kai nanomita 3.3. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Mai karatu ya tuna cewa a lokacin babu madubin da zai iya nuna wannan tantani; sai a shekarun 1950 aka gan shi da madubin ilektiron, kuma abin da aka sani yau game da kaurin maiƙonsa bai yi nisa da lissafin Fricke ba. Daga baya, a 1957, Herman Schwan na Jami'ar Pennsylvania ya bayyana matakai uku da halin naman jiki ke sauyawa yayin da ake ƙara saurin juyawar lantarki.

Kada a zaci abin ya tsaya a ɗakin bincike. Yawancin na'urorin auna damshin hatsi kafasita ne kawai, hatsin shi ne dayelektirik ɗin. Busasshen hatsi lambarsa ƙarama ce, saboda haka ɗan ƙarin ruwa yakan ɗaga ta nan take. Masarar da za a adana ana so damshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Idan ya haura, sai fumfuna ta kama ta, wata kuma tana haifar da gubar afilatoksin mai lalata hanta. Manomin da ke gwada ƙwaya da haƙori abin da yake nema ke nan, sai dai haƙori ba ya ba da adadi.

Wani zai ce manhaja ta riga ta cika, kuma awon lantarki ba ya faɗin komai kai tsaye. Batu na biyun gaskiya ne. Fricke kansa ƙiyasta lambar tantanin ya yi, bai auna ta ba, kuma sikelin da ke auna kitsen jiki da lantarki yakan ba da amsa dabam idan mutum ya sha ruwa da yawa. To amma wannan hujja ce ta haɗa fannonin biyu, tunda sai wanda ya san halitta zai gane inda adadi ya yi ƙarya.

Cikar manhaja kuwa, darasi ɗaya ya isa. Malamin Fiziks ya gayyato na Bayoloji ya zana ƙwayar jini a allo, sannan a ba ɗalibai adadin Fricke: maikirofarad 0.81 a kan kowane murabba'in santimita, da lambar dayelektirik 3. Da ƙa'idar kafasita mai faranti biyu da ke cikin littafinsu, su nemo kaurin tantanin da kansu.