Ɓacewar Ungulu Da Abin Da Shari'a Ta Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci kowane abu bisa hikima da gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata tsuntsuwa wadda mutane ba su ɗauke ta a bakin kome ba, watau ungulu. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa filin addini da ungulu? To, dalilai biyu ne suka haɗa su. Na farko, babban abin da ke hallaka ta ya shafi aƙidar Musulmi kai tsaye. Na biyu, cutar da ke biyo bayan rashinta a kan jama'a ta ke faɗawa, kuma kawar da cuta daga jama'a yana daga cikin manyan manufofin Shari'a.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Beli, ko Rogo, ko Ƙaraye, ya san yadda mahautar kasuwa ta ke a da. Mahauta suna fiɗa, ungulaye kuwa suna tsaitsaye a gefe suna jiran abin da za a jefar, wasu kuma suna bisa tsamiya ko rimi. Idan jaki ya mutu a bayan gari, kafin rana ta yi tsaka sun sauka a kansa. Yau kuwa akwai yara da yawa a wannan yanki waɗanda ba su san ungulu ba sai a karin magana. Suna jin an ce ungulu ba ta jewar banza, ko an yi ungulu da kan zabo, ko ungulu ta koma gidanta na tsamiya, amma ita kanta tsuntsuwar ba su taɓa ganinta ba.

Wannan al'amari bai tsaya a ƙasar Kano kaɗai ba. A shekarar 2015, Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, wadda a ke kira IUCN, ta sanya ungulun da muka saba gani a gari, tare da maiki, cikin jerin halittun da su ke gab da ƙarewa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ungulu ba ta hayayyafa kamar kaza ko zabo. Ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Saboda haka idan aka kashe ungulu ɗari a rana ɗaya, an yi ɓarnar da za a daɗe ƙwarai ba a cike gurbinta ba.

Yanzu bari mu dubi aikin da Allah Ya ɗora wa wannan tsuntsuwa. Ya sanya wa cikinta wani ruwa mai tsananin tsami, wanda ke narkar da ruɓaɓɓen nama, ya kuma kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Ta cinye mushe tun bai kumbura ya fashe ba, tun ƙudaje ba su kwashi ƙazantarsa sun kai kan abincin mutane ba, tun ruwan sama bai wanke shi ya zuba a rafi ba. Wannan magana ta rafi kuwa ta shafe mu ƙwarai, domin da dama daga cikin rafukan wannan yanki Kogin Challawa su ke gangarawa, inda aka kammala babbar madatsar ruwa a ƙasar Ƙaraye a 1992, kuma daga wannan kogi ne a ke ɗibar wani kashi na ruwan shan birnin Kano. Ashe ke nan ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi, muna kuma kiranta ƙazama alhali ƙazantarmu ta ke ɗebewa.

Wanda ke son ya ga abin da ke faruwa idan ta tafi, sai ya dubi ƙasar Indiya. A can an yi ta yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Idan saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007, wani nau'in ungulu da a da ya cika ƙasar ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Gwamnatin Indiya ta hana yi wa dabbobi wannan magani a 2006, amma an riga an makara. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da masana tattalin arziki suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen dubu 500 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Mai hankali kuwa da abin da ya sami waninsa ya ke wa'aztuwa.

To, mu a nan Afirka me ke kashe ta? Wani bincike da aka buga a 2016 ya tattara labarin ungulayen da aka samu a mace a ƙasashe masu yawa na wannan nahiya, ya gano cewa kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma an kashe su ne domin sayar da sassan jikinsu. Gubar iri biyu ce. Akwai makiyayi ko manomin da zai barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe domin ya kashe kura ko karnukan da ke yi masa ɓarna, sai ungulaye su riga su sauka. Akwai kuma wanda ungulun ya ke nufi tun farko. A farkon 2020, a ƙasar Gini Bisau, an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 waɗanda aka sa wa guba, da yawansu an yanke kawunansu.

Ina a ke kai waɗannan kawuna? Kasuwannin 'yan magani a ke kai su, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu saye, har ta kai a na shigo da su daga ƙasashen maƙwabta saboda na gida sun yi wuya. Boka ya ce wa mutum ya kawo kan ungulu a haɗa masa asirin farin jini, ko na kasuwa, ko na cin zaɓe, ko na ganin abin da ke ɓoye, wai don ita tana hango mushe daga nesa. A nan ne maganar ta shigo filinmu sosai. Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, arziki da mulki kuma a hannunSa su ke. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa har kwana arba'in. Ina kuma ga wanda ya gaskata shi, ya fitar da kuɗinsa, ya sa aka kashe rai domin biyan buƙatarsa? Kuma wanda ya ɗaura rawani ya ce shi malami ne, sa'an nan ya aiki mutane neman kan ungulu, to, aikin boka ya ke yi, ko da wane suna a ke kiransa.

Mun san akwai almajiran ilmi da za su ce, ai a mazhabar Imamu Malik an halatta cin tsuntsaye, har da masu farauta da ƙafa. Haka ne, wannan shi ne mashahurin zance a mazhabarmu. Amma sai a lura da abubuwa huɗu. Na ɗaya, halaccin yana tare da yanka ko farauta ta hanyar da Shari'a ta sani. Tsuntsun da guba ta kashe mushe ne, cinikin mushe kuwa haramun ne. Na biyu, hukuncin aiki yana bin manufarsa, abin da aka kashe domin sihiri kuwa ba ya halatta ta kowace fuska. Na uku, halittun nan biyar da hadisi ya ba da izinin kashewa saboda cutarwarsu su ne hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo, babu ungulu a cikinsu. Na huɗu, ƙa'ida ce tabbatacciya wurin malaman fiƙihu cewa ba a yarda mutum ya cutar da waninsa ba, kuma shugaba yana da ikon taƙaita abin da ya ke halal a asali idan maslahar jama'a ta nemi haka. Nijeriya kuwa tana da dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016.

Har ila yau, a Suratul An'am Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda mu ke al'umma. An kuma ruwaito labarin wani Annabi daga cikin Annabawan da suka gabata, wanda tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah Ya yi masa faɗa a kan hallaka al'umma mai tasbihi saboda laifin guda ɗaya. Idan haka ne game da tururuwa mai cizo, yaya zai kasance ga wanda ya ƙarar da al'ummar da ba ta cuce shi da kome ba?

Keɓe wuri domin kiyaye itatuwa da dabbobi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa Madina alfarma, ba a sare itacenta, ba a korar namun dajinta. Ya kuma keɓe wani fili mai suna Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya bi sawunsa ya keɓe Rabaza. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa garuruwan ƙasar Hausa su ke da hurumi, kalmar da asalinta Larabci ne. Amma yau gatarin masu gawayi ya shiga hurumi, ya shiga gefen maƙabarta, yana kayar da tsamiya da ɗorawa da maɗaci. Ungulu kuwa a kan dogayen itatuwa ta ke sheƙa. Idan aka sare tsamiyar, wane gida za ta koma?

Saboda haka muna kira ga Masarautar Ƙaraye, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, da hakimanta da dagatai da masu unguwanni, su tsaya a kan manyan itatuwan hurumi da na kasuwanni da maƙabartu, kada a sare ko ɗaya sai da izini. Muna kira ga sarakunan fawa su hana ɗana tarko ko zuba guba a mahauta, sarakunan baka kuma su ja kunnen yaransu. Makiyayi da manomin da dabba ke yi wa ɓarna ya kai kuka wurin hukuma, ya bar sa wa mushe guba, domin bai san bakin da zai fara kai wa gare shi ba. Dabbar da ta mutu tana cikin shan magani kuma a haƙa rami mai zurfi a binne ta, nesa da rafi da rijiya.

Mu kuma malamai da limamai, namu nauyin ya fi na kowa, domin mai kama ungulu ba zai daina ba muddin akwai mai saye, mai saye kuwa yana cikin sahu a bayanmu kowace Juma'a. Lalle ne mu bayyana wa jama'a a huɗuba da wurin karatu cewa kan tsuntsu ba ya jawo arziki, ba ya tunkuɗe ƙaddara, kuma za a tambayi mutum ranar Alƙiyama a kan ran da ya kashe ba da haƙƙi ba, ko da na ɗan ƙaramin tsuntsu ne.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mana imaninmu, Ya sa mu zama masu riƙon amanar da Ya damƙa mana a bayan ƙasa, amin.