Ka sayar da babur, kada ka bar sunanka a kansa

Wani abokin aikina ya shafe shekaru yana duba ayyukan gona a ƙauyukan Kwali da Abaji, a kan babur irin na shiga daji, mai doguwar ƙafa da taya mai gudaji. Da aka dawo da shi hedikwata, sai ya ba wani dillali babur ɗin ya sayar. Aka kawo masa kuɗinsa, ya biya la'ada, ya miƙa makulli da takardu, ya manta da zancen. Bayan fiye da shekara guda aka kira shi daga ofishin 'yan sanda na wata jiha, wai an tsinci babur mai ɗauke da sunansa a inda bai kamata ba. Bai san sunan mai sayen ba, bai da rasit, dillalin kuma ya bar gari. Ya kuɓuta daga baya, amma sai da ya yi makonni yana zirga-zirga da rubuta bayani, har maganar ta kai kunnen shugabanninsa.

Wannan ne ya sa nake ganin cinikin babur na hannu, musamman irin na daji, ya wuce batun mutum biyu da suka daidaita kan farashi. A Najeriyar yau takardar babur ta fi injinsa muhimmanci, kuma nauyin mai sayarwa ba ya sauka ranar da ya karɓi kuɗi, sai ranar da sunansa ya fita daga rajista.

Babu mamaki kasuwar waɗannan babura ta yi zafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Ga wanda aka tura aiki karkara, irin su Yamaha DT 125 da AG 200, da Honda XL 125, da Suzuki TF 125 su ne ke ratsa taɓo da yashi da duwatsu a tsakiyar damina. Da su malaman gona da ma'aikatan rigakafi suka daɗe suna kaiwa ga ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Sai dai abin da ya sa babur ɗin ya yi wa ma'aikaci amfani, shi ne ya sa ɓata-gari ke nemansa. Kowa ya san a kan babura 'yan bindiga ke kai hari, har sukan sa su cikin kuɗin fansa. Saboda haka ne gwamnatin Jihar Neja ta hana sayar da wasu nau'o'in babura a 2021, kuma a watan Yulin 2022 Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta tattauna yiwuwar hana hawan babur a ƙasar baki ɗaya. A irin wannan yanayi, ma'aikacin da ya miƙa babur ga wanda bai sani ba ya jefa mutuncinsa da aikinsa cikin caca.

Mai saye ma bai tsira ba. Ya kamata ya fara da lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur, kusa da wuyansa, da kuma lambar inji, ya gwada su harafi bayan harafi da abin da ke cikin takardu. Idan ya ga alamar goga ko walda ko sabon fenti a wurin lambar, to ya haƙura, komai arahar kayan. Dokar Final Kod, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kayan sata alhali ya sani ko yana da dalilin zargin haka, kuma farashin da ya yi ƙasa fiye da kima shi kansa dalilin zargi ne. Araha ba ta ado.

Bayan takardu sai lafiyar babur. Ba a cinikin biri a sama, don haka kada a biya kuɗi kan hoton da aka turo ta WhatsApp. A je da bakaniken da aka yarda da shi, a nemi tayar da injin yana sanyi, domin inji mai ɗumi yakan ɓoye ciwonsa. DT da TF suna ƙona baƙin mai tare da fetur, saboda haka ɗan hayaƙi a salansarsu ba laifi ba ne. Amma idan XL ko AG 200 ke fitar da shuɗin hayaƙi, injin ya fara cin mai, gyara na nan tafe. A duba ko shokozoba na yoyo, a dubi haƙoran da sarƙa ke bi ko sun yi tsini, a buɗe matatar iska, domin ƙurar da ta wuce ta ita ce ke cinye injin babur ɗin daji. Kada a dogara da lambar tafiyar da agogo ya nuna, domin sau da yawa wayarsa ta daɗe da tsinkewa.

Shi kuma mai sayarwa, adalci shi ne ya faɗi aibin da ya sani. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka ɓoye wa tsagewar firam an cuce shi, wataƙila ma an jefa rayuwarsa cikin haɗari a kan gangara. Sannan ya rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunaye da lambobin babur da kwanan wata da sa hannun shaidu, ya riƙe kwafin katin shaidar mai saye, ya karɓi kuɗinsa ta banki domin a sami sawu. Mafi muhimmanci, su tafi tare a sauya sunan mallaka kafin babur ya bar hannunsa.

Wani zai ce wannan wahala ce mai yawa a kan ƙaramin ciniki, ga bin layi, ga kashe kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma a nan ne alhakin hukuma ya shigo. Muddin sauya sunan mallaka na cinye wa mutum kwanaki, jama'a za su ci gaba da kauce masa. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Abuja da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na iya buɗe hanya mai sauƙi da mai sayarwa zai sanar da cewa babur ya bar hannunsa, ya karɓi shaida nan take. Ƙungiyoyin dillalai kuma a wajabta musu riƙe littafin da ke nuna wanda ya kawo da wanda ya saya.

Akwai kuma gyaran da ke cikin gidanmu. Ma'aikatu da hukumomi sun sayi babura masu yawa domin shirye-shiryen noma da lafiya. Idan shiri ya ƙare, wasu na ruɓewa a bayan ofis, wasu kuma su sulale zuwa kasuwa ba tare da takarda ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake rabuwa da dukiyar jama'a. A bi ta: a yi gwanjo a bainar jama'a, a cire lambar gwamnati, a ba mai saye takardar da za ta ba shi damar yin rajista da sunansa. Manyan sakatarori da daraktoci da mataimakan da ke shirya musu takardu su ne ke da ikon tabbatar da haka.

Abokin nawa ya sake sayen wani babur a bana, na hannu, domin zuwa gonarsa. Wannan karon bai ƙirga kuɗi ba sai da ya durƙusa ya karanta lambar da ke wuyan ƙarfen, kuma bai hau ba sai da takarda ta fito da sunansa.