Taswirar waya ta san hanya, amma ba ta san batirinka ba

Wasiƙu uku ne suka shigo mini a watan nan a kan magana guda, ɗaya daga Kumasi, ɗaya daga Garwa, ɗaya kuma daga wata Hajiya da ke Kwatano. Duk sun sayi motar lantarki daga Sin, ko suna shirin saye, kuma kukansu ɗaya: ga allo ƙato a gaban mota kamar talabijin, amma taswirar da ke cikinsa ba ta san inda suke ba. Shin a dogara da Google Maps na waya kawai a kama hanya?

Bari mu fara da dalilin da ya sa allon ya zama kurma. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gidan Sin tana zuwa ne da taswirar can, yawanci Amap ko Baidu, kuma babu manhajojin Google a cikinta tunda ba sa aiki a ƙasar. In ka sauke ta a tashar Tema ko Duwala, taswirar ba ta da titunanmu. Sau da yawa hanyar haɗa waya da allo ma tasu ce, irin su CarLife da HiCar, ba Android Auto ko Apple CarPlay da muka saba ba. Mota iri ɗaya kan fito da suna biyu: abin da BYD ke kira Yuan Plus a Sin, shi ne Atto 3 a waje, kuma wadda aka yi don waje ita ce ke karɓar Android Auto da CarPlay. Don haka, Alhaji, kafin ka tura kuɗi Guwanzu, ka tambayi dillalinka ƙarara: ta gida ce ko ta fitarwa? Ka ce ya ɗauko maka bidiyon allon, ya kuma ɗauko hoton bakin caji. Na Sin GB/T ne, na Turai CCS2, kuma ba sa shiga juna sai da adafta.

To, a ce motar ta riga ta iso. Amfani da taswirar waya ba laifi ba ne, ni ma ita nake bi. Sai dai a san iyakarta. Google Maps da Waze sun san hanya, sun san cunkoso, amma ba su san kashi nawa ya rage a batirinka ba. A motar fetur wannan ba damuwa ba ce. Ko mai ya ƙare a daji, za ka samu yaro da jarka ko kwalba a bakin titi. Wutar lantarki kuwa ba a sayar da ita a galan.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Waccan Atto 3 mai babban batir tana ɗauke da kusan kilowat-awa 60. A takardar Sin an rubuta za ta yi kilomita 510, a gwajin Turai kuma 420. Mota ɗaya, batir ɗaya, lamba biyu, domin gwajin Sin ya fi karkata ga tafiyar cikin gari a hankali. Yanzu ka sa iyali biyar, ka cika but da atamfa da buhun shinkafa, ka kunna na'urar sanyaya mota saboda zafin Maris, ka taka gudun 110. In motar na cin kilowat-awa 20 a kowane kilomita 100, abin da ke hannunka 300 ne kacal. Cire abin da za ka bari saboda tsaro, ka koma wajen 250. Wannan shi ne kusan nisan Akara zuwa Kumasi. Daga Kumasi zuwa Tamale kuwa, wajen kilomita 380, ba zancen tafiya a caji ɗaya. Dole ka san inda za ka tsaya, Techiman ne ko Kintampo, kuma ka sani tun kana gida, ba sai allo ya fara ja ba.

Akwai kuma abin da direban fetur bai saba kulawa da shi ba, wato hawa. Garwa tana ƙasa a kwarin Binuwai, Ngawundare kuma tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000. Ɗaga mota mai nauyin tan biyu zuwa wannan tsayin kaɗai zai ci kusan kilowat-awa 5, ban da na tafiyar kanta. A dawowa motar za ta maido da wani abu daga ciki, domin birkinta na mayar da wuta cikin batir a gangara. Taswirar waya za ta nuna maka kilomita iri ɗaya zuwa da dawowa, amma a wurin batir tafiya biyu ce daban. Haka nan, hanyar da manhaja ta ce ta fi sauri sau da yawa ita ce ta fi cin wuta, don gudu ne babban abokin gaban batir. Abin mamaki, cunkoson da ke sa mai motar fetur tsaki a Kaneshie bai cika cutar da motar lantarki ba.

Akwai manhajar da aka yi musamman don wannan lissafi, A Better Routeplanner, wadda ake taƙaitawa ABRP. Wani kamfani ne a Suwidin ya ƙirƙire ta, Rivian na Amurka ya saye shi a 2023. Za ka gaya mata irin motarka, kashi nawa ke batir, nauyin kayan da ka ɗora da gudun da kake so, sai ta ce maka da kashi nawa za ka isa. In ka sayi 'yar na'urar nan ta OBD da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari, a motocin da suka dace tana karanto batir kai tsaye ta Bluetooth. Lissafinta na da amfani ƙwarai. Amma inda gizo ke saƙa shi ne wuraren caji. Ita da PlugShare duk sun dogara ne da bayanan da kamfanoni da direbobi suka shigar, kuma a ƙasashenmu masu shigarwa kaɗan ne. Za ka ga alama a taswira, ka je ka tarar otal ne da ya ce sai baƙinsa, ko injin ya lalace tun bara, ko bakinsa ba irin naka ba ne, ko kuma kawai an ɗauke wuta. Mutanen Gana da suka sha dumsor ba sa bukatar in yi musu bayani. Shawarata: duba ranar da wani ya yi sharhi na ƙarshe a kan wurin, sannan ka nemi lambarsu ka kira. In ba a ɗauka ba, ka ɗauka wurin babu shi.

Kada kuma a ce ai ko'ina akwai soket. Soket na gida yana ba da kamar kilowat biyu da ɗan ɗori, wato cika batir mai 60 daga ƙasa zai wuce kwana guda cur. Na bango mai kilowat 7 yana ɗaukar kamar awa tara. Wanda ya ɗauko iyali zuwa biki ya maƙale a ƙauye da magariba, wannan lissafin ba zai yi masa daɗi ba.

Wasu motocin, in ka sa wurin caji mai sauri a taswirar motar kanta, sai ta fara daidaita zafin batir tun a hanya don ya sha wuta da sauri. Taswirar waya ba ta iya ba mota wannan umarni. Mutanen ƙasashen sanyi sun fi kuka da wannan. Mu namu zafi ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. In motarka na da maɓallin yin haka da hannu, ka danna. Shi ke nan.

Yanzu ga maganar da na san wasu makanikai ba za su so ba. A kowane gari an samu samari masu cewa za su "buɗe" maka allon, su juya shi Turanci ko Faransanci, su sa maka Google Maps a ciki. Wasunsu sun iya aiki, ban musa ba. Amma allon nan ba rediyo ba ne kawai. A yawancin motocin nan, daga cikinsa ake sarrafa sanyi, kyamarar baya, har da saitin caji. In aka taɓa shi ya daskare, wa za ka kai wa ƙara, alhali kamfanin bai san motar ta bar Sin ba? Ni a ganina, maƙalin waya mai ƙarfi da igiyar caji mai kyau sun fi arha, sun fi kwanciyar hankali. Sai dai kada a manna wayar a gilashi tana kallon rana. Za ta yi zafi ta dushe ko ta mutu daidai lokacin da kake neman kwana. A sa ta a bakin iskar sanyi.

Mu da ke tsallake iyaka muna da ƙarin matsala. Ka wuce Aflao ko Paga, layinka ya ɗauke, ko data ta koma tsadar zinari. GPS ba ya bukatar data, tauraron ɗan adam yake saurara, amma taswirar kanta sai an sauke ta. Ka sauke yankin da za ka bi a Google Maps tun kana da intanet a gida, ka ƙara da Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke aiki ba layi kwata-kwata. Ka tuna dai taswirar da aka sauke ba ta nuna cunkoso. Waze kuwa ƙarfinsa rahoton direbobi ne, don haka yana da amfani a Akara ko Abijan, amma a hanyar da ba masu amfani da shi, shiru za ka ji.

Babu kuma manhajar da ta san gadar da ruwa ya ci shekaranjiya, ko dajin da ba a bi bayan la'asar. Wannan labarin yana bakin direbobin tasha. In waya ta ce ka saki kwalta ka yanke ta wata burji don ka rage minti goma sha biyar, kai kuma batirinka na kashi 30, ka ƙyale ta, ka tsaya kan titin da manyan motoci ke bi.

Hajiya ta Kwatano ta ƙara da tambayar yadda za ta san inda maigida ya kai ba tare da ta yi ta kiransa yana tuƙi ba. Hajiya, ki sa ya tura miki wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp kafin ya tashi. Yana iya zaɓar awa takwas, kina ganin ɗigonsa yana tafiya muddin akwai layi. Ki kuma ce ya rubuto miki kashi nawa ke batir duk inda ya tsaya salla. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba cajin mota da sola a gidan haya, da yadda ake daidaitawa da mai gida kan kuɗin mita.