Tsiren Bakin Tasha

Matafiyin da ya taso daga Damagaram ya biyo ta Bande, in ya sauka Magariya da yamma, ƙamshin tukuba ne ke fara yi masa maraba. Nama a tsinke, an turbuɗe shi da ƙuli-ƙulin gyaɗa, barkono da citta, kuɗi kaɗan ka kori yunwa. A ganina masu tsiren Magariya da Dungas sun cancanci girmamawa, domin su ke ciyar da baƙon da bai san kowa ba. Roƙona gare su ɗaya ne: su kare nama daga ƙura da ƙuda, su ɗumama shi sosai kafin su miƙa. Cikin matafiyi amana ne.