Famfon Da Muke Jefarwa A Bayan Gareji

Duk ɗalibin da ya kusa karɓar digiri, da duk ƙaramin ma'aikacin da ya soma ɗanɗana albashi, burinsa bai wuce ya mallaki 'yar mota ba, ko da tsohuwa ce 'yar Kwatano. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya dame mu shi ne abin da kan faru ranar da motar nan ta soma wani kuka a gaban inji, aka kai ta gareji, makaniki ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, wannan kayan Turai ne, nan ba shi da aiki, bari mu cire." Mu kuwa sai mu ce to, har da godiya.

Abin nan da ake cirewa famfon iska ne. Inji ba ya ƙone fetur ƙurmus, musamman da sassafe lokacin da yake da sanyi. Saura yakan fita ta salansa tare da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Aikin famfon shi ne ya hura sabuwar iska cikin bakin salansa, inda hayaƙin yake da zafi, domin ragowar man ta ƙarasa ƙonewa kafin ta kai hancin jama'a. A tsofaffin motoci bel ne ke juya shi. A na baya-baya lantarki ne, kuma minti ɗaya ko biyu kacal yake aiki bayan an ta da mota, don ya gaggauta ɗumama matatar hayaƙi, watau abin nan da makanikai ke kira Indomie.

Ba don ado aka ƙirƙiro shi ba. Hazon hayaƙi ne ya addabi birnin Los Anjalas har idanun mutane suna zubar da hawaye, sai jihar Kalifoniya ta kafa doka, famfon ya bayyana a motocinta a 1966. Matatar hayaƙi ta biyo baya a 1975, kuma dokar Amurka ta haramta cire irin waɗannan na'urori.

Lalle ba mu ce makaniki ba shi da hujja ba. Akwai wani ɗan bawul da ke hana hayaƙi komawa cikin famfon. Idan ya mutu, zafi da laima sukan shiga, famfon ya yi tsatsa ya cije. Sabo yana da tsada, samunsa kuma sai an sha yawo, alhali toshe ramukan aikin awa guda ne. A da ma akwai uzuri babba, domin fetur mai dalma yana kashe matatar hayaƙi, kowa ya ga kayan tace hayaƙi duk nauyin banza ne. Amma tun farkon 2006 aka daina sayar da irin wannan fetur a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Uzurin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Zancen wai mota takan ƙara ƙarfi in an cire, ƙarin bai kai wanda direba zai ji a ƙafarsa ba. A mota mai kwamfuta kuwa fitilar gargaɗi ce za ta kama, sai a liƙe ta da baƙin salatif.

To, wa ke biyan kuɗin da muka tsimi? Ba mai mota ba ne, gama salansarsa baya take kallo. Mai tallan ƙosai a bakin titi ne, da yaran makaranta, da ɗan sandan da ke tsaye a cunkoson 'Yankura a Kano. Da hunturu abin ya fi muni, domin sanyin asuba yana danne hayaƙi kusa da ƙasa, daidai lokacin da aka yi famfon domin ya yi aiki. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce kuma ta kwashi kaso mafi tsoka.

Makaniki bai zauna ajin kimiyya ba. Mu ne muka zauna. Saboda haka idan ya ɗauko sifana, mu tambaye shi ko bawul ne kaɗai ya mutu, ko tiyo ne ya tsage, ko fis ne ya ƙone, domin sau da yawa ciwon bai wuce nan ba. In kuwa famfon ne ya cije, a fara zagaya 'yan gwangwan a nemi na hannu kafin a yi maganar toshe ramuka.