Azbin, Ƙasar Duwatsu a Arewa da Mu

Yara da yawa a Wurno da Rabah da Goronyo suna iya faɗin sunan babban birnin Ingila da na Amurka, amma in ka tambaye su abin da ke bayan Illela sai su ce, "Rairayi ne da raƙuma." Wannan ba daidai ba ne. A ganina, labarin ƙasa daga ƙofar gida ya kamata a fara shi, mutum ya san maƙwabcinsa kafin ya san na nesa.

Ƙasar da ke arewa da mu ita ce Jamhuriyar Nijar, wadda ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, 1960. Ku buɗe taswira ku bi iyakarta da yatsa. Za ku taɓa ƙasa bakwai, watau Nijeriya da Benin da Burkina Faso da Mali da Aljeriya da Libiya da Cadi, amma ba za ku taɓa teku ba ko kaɗan. Duk kayan da ya zo musu a jirgin ruwa sai an sauke shi a tashar wata ƙasa, kamar Kwatano ko Lome, sa'an nan a ɗauko shi a mota. Shi ya sa da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka yi tsada a kasuwanninsu, fatakenmu kuma suka rasa ciniki.

To, can arewacin ƙasar, a tsakiyar hamada, akwai duwatsu masu tsawo da ake kira Azbin. Mafi tsawonsu yana kan dutsen Bagzan, ya kai mita 2,022. Mu nan muna ganin dutse abin tare hanya ne, yana hana noma. A Azbin ba haka ba ne, dutsen shi ne rijiyarsu. Ga yadda abin yake. Ruwan sama kaɗan ne ke sauka can, amma in ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, sai ya gangaro ya taru a koramu. Koramar takan ƙafe nan da nan, amma ruwan yana nan kwance ƙarƙashin yashi. Sai mutane su haƙa rijiya a gefenta, su sa raƙumi ko sa ya ja guga, ko su kafa injin, su ba lambu ruwa. Aikin da madatsar Goronyo take yi wa manoman rani na bakin Rima, shi dutse yake yi musu, ba da kuɗin kowa ba. A garin Timiya ana samun lemo da rumman da dabino, a wasu kwaruruwan kuma albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da alkama.

Mutanen wurin su ne Azbinawa. Harshensu Tamashek, suna da nasu rubutu tun na dā, ana kiransa Tifinag. Mazansu ne ke rufe fuska da rawani, ba mata ba. Wasu masu lambu ne, wasu makiyaya, wasu kuma su ne ke kora ayarin raƙuma su ƙetare hamadar Tenere zuwa Bilma su ɗauko gishirin kantu. Na sha ganin yara suna yi wa Ba'azbine dariya a kasuwa don rawaninsa ko don Hausarsa. Yaron da ya san irin tafiyar da mutumin nan ya iya yi, kwana da kwanaki ba inuwa ba rafi, ba zai ƙara ba.

Ba baƙinmu ba ne ma. Gobirawa suna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya tafi Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Masallacin birnin yana nan tsaye, da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27.

Wanda zai tafi daga nan, sai ya bi ta Sakkwato zuwa Illela, ya ƙetara Birnin Ƙonni, ya wuce Tawa da Abalak, ya isa Agadas. Ya riƙe takardunsa na tafiya da katin allurar shawara, ya canja nairarsa zuwa sefa tun a bakin iyaka. Magana ba za ta ba shi wahala ba, gama ana jin Hausa har cikin kasuwar Agadas. Amma kada ya shiga duwatsu shi kaɗai, sai da ɗan gari mai sanin rijiyoyi, ya kuma tambayi lafiyar hanya kafin ya tashi, domin a shekarun nan ba kullum take da aminci ba. Kada ya kwana a cikin korama da damina, ko da ya gan ta busasshiya, gama ruwa yakan taso daga dutse ba zato. Da hunturu kuwa ya ɗauki bargo mai kauri, domin a kan Bagzan wani dare ruwan da aka bari a ƙwarya yakan kwana ya zama ƙanƙara.