Mayen Ƙarfe Da Ƙwayar Cuta

Yara, kun taɓa ganin tela ya yar da allura cikin rairayi? Ba ya tsayawa lalube. Sai ya ɗauko mayen ƙarfe, watau maganaɗisu, ya goga a ƙasa, nan da nan allura ta manne. To, da irin wannan dabara masana ke kamo ƙwayar cuta.

Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairos. Su ke kawo ƙyanda da shan inna da korona. Don tsananin ƙanƙanta, sai an jera ƙwayar korona wajen 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ina idon da zai gan su?

Ga yadda a ke yi. Ma'aikacin asibiti ya kan dangwalo majina daga hancin majiyyaci, ya sa cikin 'yar kwalba mai ruwan magani. Ruwan nan shi ke fasa ƙwayar, wani ɗan zare da ke cikinta ya fito. Sa'an nan a zuba wani garin ƙarfe mai laushin gaske, wanda aka yi wa rufi da wani abu dangin gilashi. Zaren sai ya manne wa garin. Da an kara mayen ƙarfe jikin kwalba, sai garin ya taru gefe guda, a tsiyaye dattin. Daga nan wata na'ura ta duba zaren, ta nuna ko cutar ce.

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, masanan wata jami'a a birnin Trondheim na ƙasar Norway sun haɗa irin wannan gari da kansu, asibitocin ƙasarsu suka yi gwaji da shi.

A ganina, darasin da ke nan shi ne a gwada kafin a sha magani. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, bairos ke kawo shi, maganin zazzaɓin sauro kuwa ba ya taɓa shi. Wanda ya zauna gida yana ta haɗiyar ƙwayoyi bisa zato, ya ɓata lokaci, watakila ma ya shafa wa 'yan'uwansa.

Saboda haka in jikinku ya yi zafi, ku gaya wa iyayenku su kai ku asibiti. Rashin sani ya fi dare duhu.